Ku Tambaya Mu Amsa: Kakar da Toronto ta ɗau kofi, da maganar Pillars ɗinmu ta kwando

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinku na ƙwallon kwando. Saƙonnin wannan karon yawancinsu wuri ɗaya suka nufa, wato kakar 2018/2019 ta Toronto Raptors, kulob ɗin nan na ƙasar Kanada da ke buga gasar NBA ta Amurka, saboda wani tsohon bidiyo da ya sake yawo a wayoyi inda ƙwallo ke ta rawa a bakin kwando kafin ta faɗa. Na haɗa su wuri guda, masu tambayar takalmi da ciwon gwiwa ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni gaskiya ɗan bal ne, Sai Masu Gida nake yi tun ina yaro, kwandon nan yanzu nake koyon kallonsa wajen yaran shagona. Naji ance wai a NBA kowane kulob wasa 82 yake bugawa a kaka ɗaya, kuma wai ko kai kazo na ɗaya ba'a baka kofi sai an sake sabon lale. To dan Allah meye amfanin wahalar? Daga wani tela, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam maigida, yaran naka gaskiya suka faɗa maka. Kulob 30 ne, 15 a ɓangaren gabas 15 a yamma, ana farawa a watan Oktoba a gama a Afrilu, wasa 41 a gida 41 a waje, wani lokacin ma yau a buga a wannan gari a kwana a jirgi gobe a buga a wani. In an gama sai a ɗauki takwas takwas daga kowane ɓangare su shiga zagayen fitar da gwani, kuma a can ba wasa ɗaya ake yi a sallami mutum ba, kulob biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ya ci sau 4, in ta kama a kai wasa na 7. Zagaye huɗu ne, kaga kenan sai ka ci wasa 16 bayan waɗancan 82 ɗin kafin a miƙo maka kofi. Kuma babu faɗawa ƙaramar gasa irin ta bal, ko kai ne na ƙarshe baɗi kana nan.

Amfanin wahalar kuwa kakar Toronto ɗin nan ta isa misali. Sun ci 58 an ci su 24, su ne na biyu a gabas bayan Milwaukee mai 60. Golden State da suka haɗu da ita a fainal 57 ta ci. Wasa ɗaya tal ne tsakaninsu, kuma wannan ɗayan shi ya sa aka fara fainal a gidan Toronto, da an kai wasa na 7 ma a gidansu za a yi. Wato wani wasan da aka buga cikin sanyin Janairu wanda ba wanda ya damu da shi, shi ne ya zo ya yi rana a watan Yuni.

Amma abin da ni na fi gani shi ne a cikin wasannin nan masu yawa ake ƙera 'yan wasa. Pascal Siakam ɗan Kamaru, kakar da ta gabata maki 7 da ɗoriya yake ci a wasa, daga benci yake tasowa. A wannan kakar koci ya sake masa mara ya yi ta bugawa yana kuskure yana gyarawa har ya kai kusan maki 17 a wasa, aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba a gasar. Babban ɗan wasansu Kawhi Leonard kuma wasa 60 kawai ya buga, sauran 22 ɗin yawanci hutar da shi aka riƙa yi saboda ƙafarsa, kuma a 22 ɗin nan da babu shi Toronto ta ci 17. Yaran sun koyi cin wasa ba tare da jiran babba ba, shi kuma babban ya iso lokacin da ake buƙatarsa da sauran ƙarfinsa.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne mutumin Zariya ne ya haɗa kulob ɗin da ya ci kofin nan? Muna ta musu a majalisa, wasu sunce ɗan Kenya ne wasu sunce Bature ne baƙi. Ka raba mana gardama. Tsohon ɗalibin ABU, yanzu a Titin Gidan Zu.

AMSA: Ɗan uwa ka koma majalisa da ƙarfinka. Sunansa Masai Ujiri, a Ingila aka haife shi a 1970 lokacin iyayensa na karatu a can, mahaifinsa ɗan Najeriya mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, shi ya sa kowa a majalisar taku ya kama wani gefe. Amma tun yana ƙaramin yaro aka dawo da shi Zariya, a nan ya tashi, a nan ya fara bal kamar kowane yaro sannan ya koma kwando yana ɗan shekara 13, a hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana koyar da yara. Masai bai taɓa buga NBA ba. Ya buga a Turai, da ya ajiye sai ya fara yawon nemo wa kulob ɗin Orlando 'yan wasa ba albashi, daga aljihunsa yake biyan kuɗin tafiya. Daga nan ya hau har ya riƙe Denver a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugaban kulob na NBA a 2013, a shekarar ya koma Toronto.

Abin da ya sa ake cewa shi ya haɗa kulob ɗin kuwa, sai ka san halin da suke ciki kafin nan. Toronto kulob ne mai kyau a lig amma da an shiga zagayen fitar da gwani sai LeBron James da Cleveland su tare hanya, shekara uku a jere 2016, 2017, 2018, biyun ƙarshe ma 4 da nema aka yi musu. A 2018 ɗin wasa 59 suka ci, ba su taɓa kai haka ba a tarihinsu, amma duk da haka aka share su. Masai ya sallami koci Dwane Casey, mutumin da a wannan shekarar aka ba kyautar kocin da ya fi kowa, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse wanda bai taɓa riƙe kulob a NBA ba. Bai tsaya nan ba, a watan Yulin 2018 ya ba San Antonio DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin 'yan kallo wanda ya yi kaka 9 a Toronto kuma yana son garin da gaske, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Kawhin nan wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda rauni, saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, kuma kowa ya san hankalinsa na Los Angeles. Zagi kam Masai ya sha shi, DeRozan ya ji ciwo sosai kuma ya fito ya faɗa, amininsa Kyle Lowry ya daɗe yana fushi da shugaban nasa. Ni har yau ina jin tausayin DeRozan, mutumin kirki ne kuma bai yi laifin komai ba. Amma shugaban da ke tsoron ɓacin ran jama'a da haka za su yi ta cin wasa 50 da wani abu duk shekara suna komawa gida hannu rabbana.

A watan Fabrairun 2019 ya ƙaro Marc Gasol ɗan Sifen daga Memphis, dogo mai kai, wanda ya san tsaron gida. Sannan ka duba wannan, duk cikin 'yan wasan da suka ɗau kofin babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara. Kawhi na 15 ne, Lowry da Serge Ibaka ɗan Kongo kowannensu na 24, Siakam na 27, Gasol na 48, Fred VanVleet kuwa ba ma wanda ya zaɓe shi. Siakam da VanVleet sai da aka tura su ƙaramin kulob ɗin Toronto mai suna Raptors 905 suka yi ta buga wasa a can har suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017. Idon da ya ga waɗannan yaran tun ba a san su ba, a filin siminti na Zariya ya fara koyon kallo.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni bidiyon ƙwallon nan nagani a Facebook, wadda ta dinga tsalle a bakin ƙarfe mutumin yana tsugune yana kallo. Ƙawata tace sa'a ce kawai ba iyawa ba. Wane wasa ne, kuma ya akai aka zo wurin? Ɗaliba daga BUK.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Wasa na 7 ne tsakanin Toronto da Philadelphia a zagaye na biyu, ranar 12 ga Mayun 2019. Kafin nan Toronto ta fitar da Orlando 4 da 1, wasan farko aka ci su a gida sai suka farka. Philadelphia kuwa ba kanwar lasa ba ce, ga Joel Embiid shi ma ɗan Kamaru, ga Jimmy Butler ga Ben Simmons, har sun shiga gaba 2 da 1 sai da Kawhi ya ci maki 39 a gidansu a wasa na 4 aka dawo daidai. Aka yi ta ja har 3 da 3.

A nan Kano azumi muke lokacin, ƙarfe 12 na dare aka fara wasan. An ɗauke wuta a unguwarmu, muna zaure mu 'yan kaɗan da waya ɗaya an jingina ta da fulas ɗin shayi, mai wayar yana ta addu'ar kar data ta ƙare. Wasan ba daɗin kallo, kowa ya gaji, ƙwallo ta ƙi shiga, Kawhi shi kaɗai ya yi jifa 39. Saura daƙiƙu kaɗan Toronto na gaba, aka ba Kawhi jifan kyauta biyu ya ci ɗaya ya zubar da ɗaya, Butler ya kwashi ƙwallo da gudu ya je ya zura, 90 da 90, saura daƙiƙa 4.2. Gasol ya jefo wa Kawhi daga gefe, Simmons ya bi shi, ya zagayo ta dama Embiid ya karɓe shi, dogon mutum mai ƙafa 7 ya ɗaga hannu har sama, Kawhi ya kai lungun fili kusa da bencinsu ya yi tsalle yana faɗuwa waje ya cilla ta sama sosai don ta tsallake hannun. Ƙararrawa ta yi ƙara ƙwallo na iska. Ta daki bakin ƙarfe ta yi sama, ta sake dawowa ta daka, ta tsallaka ɗaya gefen ta daka sau biyu, sannan ta faɗa. 92 da 90, Kawhi na da 41. Wani a cikinmu ya yi ihu har maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko lafiya. A tarihin NBA ba a taɓa gama wasa na 7 da jifan da ya shiga bayan ƙararrawa ba sai ranar. Embiid fita ya yi yana kuka, Gasol ya rungume shi yana ba shi baki, wannan wurin ya fi taɓa ni fiye da ƙwallon ma. Tsofaffin magoya bayan Toronto kuma suna tune da 2001, lokacin da Vince Carter ya yi irin wannan jifan na ƙarshe a wasa na 7 da wannan Philadelphia ɗin ta ƙi shiga.

Ki gaya wa ƙawarki tsallen huɗu kam nufin Allah ne, ba mai iya shirya shi. Amma kai wa lungun cikin daƙiƙa huɗu da mutum biyu a bayanka, da ɗaga ƙwallon yadda za ta sauko a hankali har ƙarfe ya karɓe ta maimakon ya watso ta waje, wannan aikin shekaru ne.

Kuma ni a wurina zagayen da ya biyo baya ya fi wannan nuna ko su waye. Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma shi ne gwarzon gasar a kakar, ta ci su wasa biyu na farko, na biyun ma cin kaca. Kowa ya ce an gama. To wasa bakwai da mutum ɗaya kamar dambe ne da abokin karawar da kuka saba, turmin farko zai iya mamayarka amma in kana da ido zuwa na uku ka gane ta inda yake sako hannu. Nurse ya gane Giannis da gudu yake shigowa ƙarƙashin kwando, sai ya ɗora masa Kawhi, sauran kuma suka riƙa yin katanga a gabansa suna tilasta masa ya miƙa wa wani. Wasa na 3 sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu, Kawhi ya yi minti 52 a fili yana ɗingishi ya ci 36, aka tashi 118 da 112. VanVleet wanda hannunsa ya bushe tun farkon zagayen, aka yi masa haihuwar ɗa namiji a tsakiyar jerin wasannin, ya dawo kamar an canza shi, a wasa na 5 ya zura 'yar maki uku har sau 7. Wasa na 6 Milwaukee ta ba su ratar maki 15 suka biyo ta suka wuce, 100 da 94. Huɗu a jere. Yawancin waɗannan wasannin dab da sahur suke ƙarewa a nan, mutum na kallo ana ɗumama tuwo.

TAMBAYA: Malam kar ka ɓoye gaskiya saboda ɗan Zariya. Kowa yasan da Durant da Klay basu ji ciwo ba Toronto ko ƙamshin kofin bazata ji ba. Kofin asibiti ne kawai. Ɗan Curry na Sabon Gari.

AMSA: Abokina ba zan ɓoye ba, raunin ya yi tasiri babba. Kevin Durant na Golden State bai buga wasa huɗun farko na fainal ba, ya dawo a na 5 jijiyar agararsa ta tsinke a kwata ta biyu. Klay Thompson bai buga na 3 ba, a na 6 kuma yana da maki 30 yana cin wuta gwiwarsa ta tafi a kwata ta uku. Da su biyun lafiyarsu ƙalau ni ma Golden State zan ba rinjaye. Kuma abin da wasu 'yan kallon Toronto suka yi na murna lokacin da Durant ya faɗi abin kunya ne, sai da Lowry da Ibaka suka ɗaga musu hannu suka yi shiru.

Amma ka haɗa da wannan. Golden State ɗin nan ba Durant ta share Portland 4 da nema kafin ta zo fainal, lokacin ba wanda ya ce ba ta da ƙarfi. A lig sau biyu suka haɗu da Toronto duka Toronto ta ci, na watan Disamba ma a gidan Golden State aka yi, Curry da Durant da Klay duk suna fili, Kawhi ne ba ya nan, aka tashi 113 da 93. A fainal wasa uku aka buga a Oakland, gidan Golden State, duka ukun Toronto ta ci. Wasan farko Siakam ya ci 32, jifa 17 ya yi 14 suka shiga, kuma Draymond Green ne ke tsaronsa. Wasa na 3 Curry ɗinka ya ci 47 shi kaɗai bai hana a ci su ba. Wasa na 6, daren 13 ga Yuni wanda a nan asubahin Juma'a ne, Lowry ya ci maki 11 na farko na Toronto shi kaɗai ya gama da 26, Siakam 26, VanVleet ya ci 12 a kwata ta ƙarshe, aka tashi 114 da 110, kofi ya bar Amurka karon farko. Toronto ma tana da nata majinyacin, OG Anunoby wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, an yi masa tiyatar afendis bai buga ko wasa ɗaya a zagayen ba.

Golden State fainal ɗinta na biyar kenan a jere tun 2015, jiki ya gaji, jiki kuwa magayi ne. Toronto ta yi wata shida tana lallaɓa ƙafar Kawhi ana yi mata dariya. Isowa watan Yuni da mutanenka a tsaye yana cikin aikin kaka. Bayan Kawhi ya tafi Clippers a Yulin 2019 ma ai ba su rushe ba, kakar da ta biyo sun ci 53 an ci su 19, sai a wasa na 7 Boston ta fitar da su.

TAMBAYA: Malam ana iya buga irin wannan wasan da azumi a baki kuwa? Wani ɗan Kurna.

AMSA: Ana yi ƙanena. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, wanda ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995, yana azuminsa yana bugawa, kuma a Fabrairun 1995 da ya dace da Ramadan shi aka zaɓa gwarzon wata na NBA. A 2019 ɗin nan ma Enes Kanter na Portland da azumi ya buga. Ku da kuke atisaye a nan cikin zafin Kano dai ku mayar da shi bayan la'asar sosai ko bayan tarawi, ku sha ruwa da yawa tsakanin buɗa baki da sahur.

TAMBAYA: Malam ina da yaro shekararsa 15, ya fi duk 'yan ajinsu tsawo har ya fi ni, kullum maganarsa kwando. Wani ya ce in kawo kuɗi zai fitar min da shi waje. Ina tsoro kuma bana so in kashe masa gwiwa. Mahaifi daga Gwale.

AMSA: Baba Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Kar ka ba kowa ko sisi. Masu neman 'yan wasa na gaskiya su ke kashe kuɗi a kan yaro, kuma sai sun gan shi yana wasa da idonsu. Shekara 15 bai makara ba ko kaɗan, Siakam sai da ya kusa 18 ya kama kwando da gaske, Hakeem ma golan bal ne da ƙwallon hannu kafin ya juyo. Ka kama hannunsa da kanka ku je Indo, wato rufaffen ɗakin wasa, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da yamma, ka ga masu horarwa ido da ido, ka san wa zai riƙe maka ɗa da lokacin da zai dawo gida. In makarantarsu na shiga gasar Milo ta sakandare ya shiga. Hanyoyin fita na gaskiya sanannu ne, akwai sansanin Giants of Africa da Masai ya kafa tun 2003, akwai makarantar NBA da ke Saly a Senegal wadda Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya fito daga cikinta aka zaɓe shi na 10 a 2025. Abu biyu zan roƙe ka, kar ya saki boko da islamiyya don makarantun waje sai da sakamako suke ɗauka, kuma kar ka yarda kowa ya rage masa shekaru a takarda, abin kan dawo ya ci yaro daga baya. Tsawo kuma somin taɓi ne, a koya masa dribilin da hannu biyu da jifa tun yanzu, kar a ajiye shi ƙarƙashin kwando kawai don ya fi kowa tsayi.

TAMBAYA: Kullum NBA NBA. Malam ina Pillars ɗinmu ta kwando? Da muna cika Indo har ba wurin tsayawa. Me yasa bama ganinta a gasar Afirka da ake nunawa a talabijin? Tsohon ɗan kallo, Ƙofar Mata.

AMSA: Yallabai ka taɓo inda yake min ciwo. Yaran yanzu da yawa ba su san Kano Pillars ta kwando ta taɓa zama dodon ƙasar nan ba. Ta ɗau kofin lig na ƙasa sau da dama, ciki har da 2013 da 2014 da 2016 da 2017, zamanin Koci Sani Ahmed da su Abubakar Usman, kuma a ƙarshen 2016 ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka. Lokacin lig ɗin na da mai ɗaukar nauyi, an raba shi ɓangaren Savannah na arewa da Atlantic na kudu, ana zuwa gidan juna, wanda duk ya taɓa zama a Indo ranar da baƙi suka zo ya san yadda ƙarar ganga da ihu ke cika ɗakin har ba ka jin usur ɗin alƙalin wasa.

A 2017 rikicin shugabanci ya raba hukumar kwando ta ƙasa gida biyu, ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, aka shiga kotu, masu zuba kuɗi suka ja baya, lig ya zama yau akwai gobe babu. Har ta kai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu, kafin a janye matakin 'yan matanmu D'Tigress sun rasa gurbinsu na kofin duniya an ba Mali. Ana cikin wannan ne NBA da FIBA, hukumar kwando ta duniya, suka buɗe gasar kulob-kulob na Afirka mai suna BAL a Kigali a 2021, kulob 12, wadda kake gani a talabijin. Zamalek ta fara ci, sai Monastir ta Tunisiya, sai Al Ahly ta Masar, sai Petro ta Angola a 2024, sai Al Ahli ta Tarabulus a 2025. Zakaran Najeriya ke zuwa, Rivers Hoopers ta Fatakwal ta fi kowa zuwa har ta zo ta uku a 2024, Kwara Falcons ta je a 2023. Daga 2021 zuwa 2025 Pillars ba ta leƙa ba, gasar ta zo daidai lokacin da ƙarfinmu ya ja baya.

Ba 'yan wasa muka rasa ba. Ƙasar da ta ci kofin Afirka na maza a 2015, ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021, matanta suka ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ba za a ce ba ta da hannu ba. Ka je kowane fili a garin nan da yamma za ka ga yaro da silifas ko takalmin da ya sha ɗinki yana jifa a ƙarfen da ko raga babu, siminti ya tsattsage yana kauce wa ramin ba tare da ya kalli ƙasa ba. Wasa muka rasa. A shekarun nan an fi tara kulob a gari ɗaya a buga cikin 'yan kwanaki a watse, ɗan wasa ya koma gida ya yi watanni yana atisaye ba gasa. Siakam a kakar nan kaɗai ya buga wasa sama da 100 in ka haɗa lig da zagayen fitar da gwani. Namu yaron mai irin tsawonsa da irin gudunsa sai ya yi shekaru bai tara haka ba, to yaushe zai yi kuskuren da zai gyara, yaushe koci zai san wa zai miƙa wa ƙwallo in saura daƙiƙa huɗu?

Ba na cewa mu yi 82, ba mu da jiragen ba mu da kuɗin. Amma Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Bauchi da Gombe da Jos duk tafiyar mota ce ta yini ɗaya ko ƙasa da haka. A fitar da jadawali tun kafin a fara, gida da waje, a manna shi a ƙofar Indo a sa a rediyo, a biya yaran albashinsu kan lokaci, a sa wasa ranar Juma'a ko Asabar bayan la'asar da tikitin da ɗan makaranta zai iya saya, 'yan kasuwar Kwari da Singa masu neman inda za su tallata hajarsu a je a same su har shago a nuna musu kujerun da za su cika.